Mai Jinyar Mama Asabe

Tun da aka fasa aurenta, Tabita ba ta sake jin muryar Istifanus ba sai yammacin wata Lahadi, da ya yi sallama a ƙofar gidansu da ke Tsafe.

Tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Tun a sallamar farko ta gane muryar. Ta ɗan dakata ta ji ko ƙirjinta zai buga, ko hannunta zai yi rawa. Babu abin da ya motsa. Ta cire tsakuwa ta yar, ta ci gaba da tsintarta.

Haka take tun da ta dawo daga daji.

Da daminar bara ne 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko su daga Kucheri, inda take koyarwa a makarantar firamare, suka kora su cikin daji. A lokacin an riga an sanar da aurenta da Istifanus a coci, har an ɗinka kayan biki. Ta yi watanni a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da ita, ta dawo a rame, tafin ƙafarta duk ya tsage.

Ba ta gama warkewa ba Mama Asabe, mahaifiyar Istifanus, ta miƙe a taron zumuntar mata ta ce, "Ni ɗa ɗaya Allah ya ba ni. Ba zan aura masa ragowar 'yan daji ba."

Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga gari. Istifanus bai zo ba, bai kira ba. Kawunsa aka turo ya janye magana.

Tabita ba ta yi kuka ba. Mutane suka yi ta yabon haƙurinta, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne. Abinci ba ta jin daɗinsa, zagi ba ya mata ciwo, waƙar coci da a da take sa ta hawaye yanzu wucewa take ta gefen kunnenta.

Mahaifinta, Baba Iliya, dattijo ne a ikilisiya. Shi ya fita zaure, bai kuma yi wa baƙon iso ba. Daga inda take zaune tana jin komai.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Me ya kawo ka?"

"Mama ce. Ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Tana asibiti a Gusau."

"Na ji a sanarwa da safe. Allah ya ba ta lafiya."

"Amin, Baba," in ji Istifanus. "Ɗakin mata aka kwantar da ita. Ba sa barin namiji ya zauna, balle ya yi mata wanka. Matan zumunta sun je sun yi addu'a sun dawo, babu wadda ta yarda ta tsaya. Na ce ko kai za ka yi musu magana, suna jin nauyinka."

"An nemi mai zama da ita yau a coci, ban ga wadda ta ɗaga hannu ba. Ka kuma san dalili. Wace mace ce a ikilisiyar nan bakin uwarka bai taɓa ba?"



"Baba, jiya tun safe take kwance cikin ƙazantarta. Sai da wata Hajiya mai jinya a gadon kusa ta ji tausayi ta canza mata zane. Ina tsaye a bakin taga ina kallo, ba abin da zan iya."

Tabita ta ajiye faifan a ƙasa. Ta karkaɗe zanenta, ta taka har bakin zaure. Istifanus ya ɗago ya gan ta, ya yi saurin sunkuyar da kai. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Ba shi ta kalla ba, mahaifinta ta kalla.

"Baba, ni zan je."

*

"Ba inda za ki!"

Inna Rahila, mahaifiyarta, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ware hannuwa, kamar Tabita za ta fita a lokacin. Tabita kuwa tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwa tana sawa a jaka.

"Matar da ta kira ki da sunan da har yau in na tuna shi ba na iya cin abinci? Ita za ki je ki kwashe wa kashi? Tabita, ki dube ni. Ni na yi watanni ina kwana a bakin ƙofa ina jiran labarinki. Ni na gasa miki ƙafafun nan da ruwan zafi. Ina take a lokacin?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Kada ki ba ni haƙuri! Ki gaya mini, son yaron nan ne bai fita daga ranki ba?"

"Ba shi ba ne."

"To mene ne? Kin manta Asabar mutanen Ɗanjuma za su zo?"

Ba ta manta ba. Ɗanjuma malamin gona ne a Bungudu, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. A taron ikilisiyoyi na Gusau ya ga Tabita, aka ba shi labarinta kaf, har da abin da ba a tambaya ba, ya ce ya ji ya gani. Iyayenta suka karɓe shi hannu biyu. Ita kuma da aka tambaye ta, ta ce to, kamar yadda take cewa to in an ce ta ɗebo ruwa.

"Mutumin kirki ya fito," in ji Inna, hawaye na bin fuskarta. "Allah ya rufa mana asiri, ke kuma za ki je ki yaye shi da hannunki. Me danginsa za su ce in suka ji kina jinyar uwar tsohon saurayinki?"

Baba Iliya na tsaye daga bayan Inna.

Tabita ta ɗora hannu a kan jakar.

"Inna, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A daji na yi zazzaɓi da gudawa, na kasa ko tashi. Ina kwance a ƙasa cikin abin da ya fito daga jikina, ƙudaje na bina, masu wucewa na toshe hanci. Wata tsohuwa da aka kamo daga wata ruga a wajen 'Yandoto, Huseina sunanta, ita ta ja ni gindin bishiya. Ruwan shanta na ranar ta wanke ni da shi. Ba ta san ni ba, ba ta tambayi addinina ba. Tana wanke ni tana cewa, sannu ɗiyata, sannu."

Ta faɗi haka ne da murya ɗaya, kamar labarin wata take bayarwa.

"Da na ji ya ce tun safe take kwance a haka, na san yadda wurin yake. Shi ke nan. Ba so ba ne, ba kuma wai na fi kowa tsoron Allah ba."

Inna ta zame ta zauna a bakin ƙofa tana shessheka.

"Gafara daban, bauta daban," ta ce. "Ki yafe mata daga nan mana. Malam, ka yi magana!"

Baba Iliya ya matso bakin ƙofar.

"Ni nake tsayawa gaban jama'a ina cewa a yafe wa juna kamar yadda Almasihu ya yafe mana," ya ce a hankali. "Amma tun bara in na hango matar nan a coci, ta wata ƙofar nake fita. Ban ce ki je ba, ɗiyata, don raina bai so. Sai dai ba ni da bakin hana ki."

Ya juya ya fita. Inna ta bi bayansa da kallo, ta rushe da kuka.

Tabita ta ja zif ɗin jakar.

*

Da safe Istifanus ya zo da babur zai ɗauke ta. Ta ce ya wuce, ta san hanya. Ta je tasha ta shiga motar Gusau.

Ɗakin matan dogo ne, gadaje jere hagu da dama, warin magani ya gauraye da na fitsari. A can kusa da ƙarshe ta hango ta. Mama Asabe da ke cika layin gaba a coci da ɗaurin ɗankwali kamar hula, yau ta koma 'yar ƙarama a kan katifar roba, kanta ba ɗankwali, yawu na zuba ta gefen bakinta.

Idonsu ya haɗu.

Tsohuwar ta zaro ido. Ta yi wani gurnani, ta yi ta kokawa da wuyanta har ta mai da fuskarta bango.

"Sannu, Mama," in ji Tabita. "Ya jiki?"

Wata mata mai jiki da ke zaune kan tabarma kusa da gado na gaba ta miƙe tana gyara mayafi.

"Alhamdu lillahi, an samu mai zuwa! Ni ce Hajiya Halima, ƙanwata nika jinya. Ke ɗiyarta ce?"

"A'a, Hajiya. Cocinmu ɗaya."

"To Allah shi yi miki albarka. Baiwar Allah wagga ta sha wuya. Ga bokitina nan, famfo na bayan ɗaki."

Tabita ta ɗebo ruwa, ta roƙi na zafi a wurin mai shayi a bakin ƙofar asibiti ta sirka. Hajiya ta riƙe mata zane ya zama labule. Ta tuɓe wa tsohuwar riga, ta fara daga fuska, ta sauko wuya, ta ɗaga hannun da ya mutu ta wanke ƙarƙashinsa. Hannun ya yi nauyi, ya yi sanyi. Da ta zo ƙasa, Mama Asabe ta sa hannun hagu ta riƙe zanenta gam, ta runtse ido.

"Mama, ki saki. Ba mai ganin ki."

Ba ta saki ba.

Tabita ta sunkuya daidai kunnenta. "Ni ma an taɓa yi mini. Kunyar ba ta kisa. Ki saki."

A hankali yatsun suka buɗe.

Ta wanke ta tas, ta canza shimfiɗa, ta ɗaura mata ɗankwali. Da ta kawo koko a cokali, tsohuwar ta buge shi ya zube a rigar Tabita. Tabita ta goge, ta sake ɗebowa. Tsohuwar ta sake bugewa. A karo na gaba ta buɗe baki, tana haɗiya hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

Tabita na kallon hawayen kamar yadda ake kallon ruwan sama ta taga.

*

Kullum Istifanus na nan gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin. Shi ke sayo magani, shi ke kai wanki. In ta fito shanya sai ya miƙe tsaye, in ta wuce ya koma ya zauna. Ran Talata da rana ya tare ta a wurin famfo.

"Tabita, don Allah ki saurare ni, ko sau ɗaya."

Ta ajiye bokiti. "Ina ji."

"Ban san ta inda zan fara ba. Ranar da aka ce kin dawo, na sa takalmi zan fito, Mama ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai in tsallake ta. Ta ce in na taka gidanku za ta tsine mini. Kin san ita kaɗai gare ni, ita ta riƙe ni tun rasuwar Baba, da tuyar ƙosai ta yi mini makaranta. Na ce bari ta huce, gobe zan je. Gobe ta zama jibi. Daga baya kunya ta hana ni."

"Na gane."

"Ba ki gane ba! Ban daina son ki ba ko na rana ɗaya. Ba na barci, Tabita. In na rufe ido ke nake gani cikin rigar mawaƙa, kina dariya."

Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, bai damu da matan da ke jiran layi ba. Kuka yake sosai, kafaɗunsa na rawa.

"Ki zage ni. Ki mare ni. Komai kika yi na cancanta. Amma kada ki dinga kallona haka kamar ba ki san ni ba."

"Tashi, mutane na kallo."

"Sai kin ce kin yafe mini."

Ta dube shi. Wannan fuskar ce ta riƙa tunawa a makonnin farko a daji, da ita take samun barci.

"Istifanus, da na dawo ba aure nake jira daga wurinka ba. Na san abin da mutane za su ce, tun a can na shirya masa. Sannu kawai nake jira. Ko a waya. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗaga kai. Wata rana na lura na daina ɗagawa."

"Wayyo Allah, Tabita."

"Kana so in ce na yafe. Ba na so in yi maka ƙarya a kan abu irin wannan. Na duba cikina ban ga fushi ba, ban ga so ba. Kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Ban sani ba ko haka gafara take."

"Zan jira. Mama ma ta canza, na ga yadda take bin ki da ido. In ta tashi da kanta za ta je gidanku."

"Asabar za a kawo kayan gaisuwata."

Ya ɗago da sauri. "Wa?"

Ta ɗauki bokitinta. "Lokacin juya Mama ya yi."

*

Ran Laraba Ɗanjuma ya zo. Hajiya Halima ce ta leƙo ta ce wani mutum dogo na sallama da ita a baranda.

Yana tsaye da kular abinci a hannu ɗaya, leda a ɗayan, takalminsa da jar ƙasar gona. Ba kyakkyawa ba ne kamar Istifanus, furfura ma ta fara fito masa a gefen kai. Suka gaisa, suka zauna a kan benci, ya bar tazara a tsakaninsu.

"Innarki ce ta kira ni," ya ce. "Tana kuka, wai in zo in ɗauke ki."

"Ka zo ɗaukata ke nan?"

"A'a. Tuwo na kawo miki, na san abincin bakin asibiti." Ya miƙa mata ledar. "Wannan kuma man kaɗanya ne. Ki dinga shafa mata a baya da ɗuwawu in kin juya ta, kada fatar ta salluɓe. Na yi jinyar marigayiya, na ga yadda kwanciya ke cin mutum."

Ta karɓa, ta riƙe ledar a cinyarta.

"Ka san abin da ta ce a kaina?"

"Na sani."

"Kuma ka kawo mata mai."

"Bakinta ne ya faɗa, bayanta bai ce komai ba," ya ce, ya ɗan yi murmushi. Murmushin bai daɗe ba. Ya kalli gindin darbejiya, inda Istifanus ke zaune ya zuba musu ido. "Shi ne wancan?"

"Shi ne."

Ɗanjuma ya gyaɗa kai. "Ba zan ɓoye miki ba, gidanmu an tashi. Yayata ta ce in janye tun da sauran mutuncina, wai duk Bungudu an san matar da zan aura tana wanke uwar wani. Na ce mata wadda aka wanke ba ita ke damuna ba. Abu ɗaya nake so in sani. Don shi kika zo?"

"A'a."

"In ya nemi ki dawo fa?"

"Ya nema."

Ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

"Me kika ce?"

"Na ce ba na jin komai. Malam, kai ma gara ka sani tun yanzu. Ba na jin komai a kansa, ba na jin komai a kan kowa. Da aka tambaye ni kai, na ce to ne don Inna ta samu barci. Kai mutumin kirki ne, bai kamata a kai maka gawa gida ba."

"Kada ki ƙara kiran kanki haka." Karon farko ke nan da ta ji muryarsa ta yi kauri. "Na ga gawa, na san ta. Gawa ba ta hawa mota ta zo Gusau don an ce wata tsohuwa na kwance ba mai wanke ta."

Ya sassauta murya.

"Bayan rasuwar matata ni ma na yi shekara haka. Ina zuwa aiki, ina zuwa sujada, 'yata na mini wasa ina kallon ta kamar 'yar maƙwabta. Na yi ta roƙon Allah ko baƙin ciki ne ya ba ni in ji. Ban ce na san abin da kika gani ba, ban sani ba. Amma wannan ɗin na san shi."

Ya miƙe ya sa hularsa.

"Juma'a zan dawo. Ki gaya mini ko mutanena su zo Asabar ko su zauna. In shi kike so, ni da kaina zan je in ba Baba haƙuri, ba wanda zai zarge ki. Abin da ba na so shi ne ki aure ni don kin gaji da surutu."

Ta bi shi da kallo har ya fita. A hanyarsa ya tsaya gindin darbejiya, ya miƙa wa Istifanus hannu, ya yi masa ya mai jiki.

*

Ran Juma'a da hantsi bakin Mama Asabe ya buɗe.

Tabita ta gama shafa mata mai tana gyara mata matashi, lokacin ziyara ya yi, Istifanus ya shigo ya tsaya a ɗaya gefen gadon. Sai tsohuwar ta kama gefen rigar Tabita.

"Ta... bi... ta."

Hajiya Halima ta saki carbinta. "Allahu akbar! Ta yi magana!"

Harshen ya yi nauyi, kalmomin na fitowa a karkace, sai an kasa kunne.

"Na... cuce... ki."

"Mama, ki huta."

Ta girgiza kai da ƙarfi. "Bakina. Allah... ya kama... bakina." Numfashinta na sama-sama. "Ke... kika... wanke ni. Ya... fe."

Istifanus ya kifa kansa a ƙarfen gado yana kuka. Tsohuwar ta lalubo hannunsa da hannunta mai lafiya, ta jawo shi, ta ɗora a kan na Tabita, ta danne su tare a kan ƙirjinta.

"Ɗa... na. Ki... karɓe... shi."

A daidai lokacin Tabita ta ɗaga kai. Ɗanjuma na tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Ya kalli hannuwan nan uku. Bai ɓata fuska ba. Ya sunkuya ya ajiye abin da ya kawo a gefen ƙofa, ya ɗan rusuna mata kamar mai sallama, ya juya.

Wani abu ya soki Tabita a ƙarƙashin haƙarƙari, har sai da ta ja numfashi. Ta ɗauka ciwo ne. Ta daɗe ba ta ji irinsa ba, ba ta gane shi da wuri ba.

Ta dubi tsohuwar. A karon farko ba mai jinya da majinyaciya ta gani ba. Ta ga matar da ta miƙe a gaban mata ta kira ta ragowa, ta ji maganar ta shige ta sabuwa fil kamar yau aka faɗe ta, da zafinta duka. Ta kuma ga tsohuwa mai ɗa ɗaya, wadda tsoro ya sa ta mugunta, ga ta kwance ba ta iya share yawunta.

"Mama," ta ce. "Kin ji mini ciwo. Sai yanzu na san yawansa. Abin da suka yi mini a daji ban zaɓa ba, ke kuma kin san ni tun ina goye."

Tsohuwar ta rufe ido tana gyaɗa kai.

"Na yafe miki. Har ga Allah na yafe, kada ki ƙara kwana da shi. Kai ma, Istifanus, na yafe maka. Ba inda zan je, zan zauna da ke har a sallame ki."

A hankali ta zare hannunta daga ƙarƙashin nasu.

"Amma hannuna ba naki ba ne da za ki bayar, Mama. Wancan ya wuce."

"Tabita!" in ji Istifanus. "Tabita, don Allah!"

Ta riga ta kai ƙofa.

Ba ta san ta fara gudu ba sai da takalminta ɗaya ya fita. Ta bar shi. Ta ratsa masu ziyara, ta wuce famfo, ta wuce darbejiya. Yana can kusa da babbar ƙofa, ya zaro makullin babur ɗinsa.

"Malam! Malam Ɗanjuma!"

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Ba sai kin yi bayani ba," ya ce. "Na gani. Zan je Tsafe yau in ga Baba."

"Ba ka gani ba. Ka tafi tun ban yi magana ba."

Sai a lokacin ya juyo. Ya ga ƙafarta ɗaya ba takalmi, ya ga fuskarta jiƙe sharkaf. Ita ma sai da ta ga yadda yake kallon ta ta kai hannu kumatunta, ta dubi yatsunta da mamaki.

"Ban sani ba ko so ne," ta ce, kuka na sarƙe ta. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Amma da ka juya baya na ji zafi. A nan. Har yanzu ina jin sa."

Ɗanjuma ya dube ta. Masu shiga da fita na ratsa su, wani mai lemo na kiran ciniki a bakin titi. Ya mai da makullin aljihu.

"Asabar fa?" ya tambaya a hankali.

"Ba gobe ba. Ka bar ni in gama jinyar nan, in kuma yi kukana. Amma kada ka ce musu sun fasa."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya share idonsa da bayan hannu.

"Zan ce musu su dakata. Yayata za ta cinye ni ɗanye, amma zan faɗa." Ya dubi ƙafarta. "Tsaya nan, ƙasar da zafi. Bari in nemo miki takalminki."

Ya koma cikin taron yana dube-dube a ƙasa, dogon mutum a sunkuye. Tabita ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan yashi mai zafi, tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ba ta ko yi ƙoƙarin tsayar da shi ba.